Darasin Lafiyar Iyali: Bikin Ranar 'Yancin Kai, Wa Ke Lura da Wa?

Nassin karatu: Nehemiya 8:9-12; Luka 2:41-46; Maimaitawar Shari'a 22:8

Muna roƙon fastoci, masu bishara da shugabannin Zumuntar Mata su karanta wannan darasi tare da jama'a a sujadar tsakiyar mako, tun kafin ranar 1 ga Oktoba ta iso. A fara da karanta nassoshin da ke sama.

Ranar 1 ga Oktoba 1960 Najeriya ta karɓi mulkin kanta daga hannun Turawan Ingila, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. A ranar aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu mai kore da fari da kore, wadda wani ɗalibi mai suna Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959. Koren yana nufin albarkar ƙasa da noma, farin kuma salama. Tun daga lokacin ranar ta zama ranar hutu. A wuraren da har yanzu ake yin fareti, 'yan makaranta da 'yan Birged sukan tafi hedkwatar ƙaramar hukuma. Matasa sukan shirya wasan ƙwallo tsakanin ƙauyuka, ikkilisiyoyi da dama sukan yi addu'a domin ƙasa, 'ya'yanmu da ke aiki a birni kuma sukan leƙo gida da jikoki, musamman idan hutun ya haɗu da ƙarshen mako.

Na san akwai masu cewa, "Bikin me za mu yi, ga tsadar taki, ga rashin tsaro?" Ba zan yi gardama da su ba. Amma a Nehemiya sura 8 mutanen da suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa su ma ba cikin daɗi suke ba. Daga bauta suka komo, da suka ji karatun Shari'a kuma sai suka fashe da kuka. Duk da haka aka ce su share hawaye, su je su ci mai kyau, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da komai. Saboda haka yin murna tare da iyali ba laifi ba ne. Damuwata ita ce yadda za mu yi murnar mu kwana lafiya, mu tashi lafiya.

Zato

Ku duba labarin da ke Luka sura 2. Yusufu da Maryamu iyaye ne masu tsoron Allah da kula. Amma a hanyar dawowa daga Idin Ƙetarewa sun yi tafiyar yini guda cur ba tare da yaronsu mai shekara 12 ba, domin sun yi zaton yana cikin ayari tare da dangi. Sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. Idan wannan ya faru da su, zai iya faruwa da kowannenmu.

Cikin shekarun da na yi ina zagaya ƙauyuka a kan aikin ruwa da tsabta, na lura yawancin abin da ke ɓata mana biki ba rashin sani ke kawo shi ba. Uwar da kullum take tafasa ruwan jaririnta, ran biki tana can wajen murhu tun asuba, wata yarinya ce ta ɗebo wa jaririn ruwa daga randar baƙi. Uba yana zaton yara suna wurin kaka, kaka tana zaton sun bi yayarsu, yayar kuwa tana filin ƙwallo. Mutane sun yi yawa a gida, amma babu wanda aka ce, "Kai, wannan aikinka ne."

Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da 'yar katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ku lura, ba baƙon aka ce ya yi hankali ba. Maigidan aka ɗora wa nauyin, kuma tun lokacin gini, kafin kowa ya hau. Wanda ya gayyaci mutane, ko gida ne ko ikkilisiya, shi ke da nauyin shirya tsaronsu tun kafin ranar.

Tukunya da randa

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi samun matsala.

Wata shekara a wani ƙauye da nake aiki, mata suka dafa shinkafa da daddare domin yaran da za su tafi fareti da sassafe. Niyyarsu mai kyau ce, suna so su rage aikin safe. Aka zuba shinkafar da zafinta cikin manyan robobi aka rufe, ta kwana, ta kuma yini a bayan mota cikin rana. Sai wajen ƙarfe biyu yaran suka ci. Kafin mu iso gida amai ya fara. Ni ma ina cikin waɗanda suka ci, kuma ni ne na ce a dafa da daddare, don haka ba wanda nake zargi. Allah ya taimake mu ba a rasa rai ba, amma kuɗin da iyaye suka kashe a asibiti ya fi kuɗin shinkafar nesa ba kusa ba.

Ga abin da ya faru. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa wadda dafuwa ba ta kashe ƙwanta. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta farka ta hayayyafa ta zuba dafi a ciki. Wannan dafin ko an sake ɗumama abincin ba ya mutuwa, kuma sau da yawa ba a jin wari ko tsami. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma cikin sanyi ba. Mu da ba mu da firiji, hanyarmu ɗaya ce: a dafa a ranar, kusa da lokacin ci, a ci da zafi. Idan yara za su yi nisa, a ba su abin da ba ya saurin lalacewa, kamar gasasshiyar masara, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi, ayaba ko lemo. Abin sha'awa, a Littafin Firistoci 7:15 an umarci Isra'ilawa su cinye naman hadayar godiya a ranar da aka miƙa shi, kada ya kai safiya.

Game da nama, kada arha ta ruɗe mu. Dabbar da ta mutu da kanta, ko wadda aka yi sauri aka yanka don tana gargara, ba ta shiga tukunyar biki. A dafa nama har cikinsa ya daina ja. Wuƙa da faifan da aka yanka ɗanyen nama a kai, kada a yanka albasa ko kabejin da za a ci ɗanye da su sai an wanke da sabulu.

Sai abin sha. Farkon Oktoba ƙarshen damina ne, ruwan sama ya riga ya wanke bayan gidan da aka yi a daji ya kai shi rafi da rijiyoyin da ba su da murfi. Lokacin kwalara ke nan. A shekarar 2021 kaɗai an ba da rahoton mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa. Mata sukan ce mini, "Ai mun tafasa zoɓon." Gaskiya ne, amma da wane ruwa aka ƙara shi da ya yi kauri? Da wane ruwa aka tace kunun zaƙi, aka jiƙa ayar kunun aya? Ƙanƙarar da aka sayo aka jefa a ciki, da wane ruwa aka yi ta? Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara. Duk ruwan da zai shiga abin sha a tafasa shi har ya yi ta ɓulɓula, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ga awon da aka rubuta, a jira minti 30. A ajiye shi cikin jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa. Randar da kowa ke tsoma moɗa da hannunsa a ciki ba ta dace da ranar taro ba.

Wata al'ada da nake roƙo mu bari ita ce zuba kunu, manja ko ruwan sha cikin jarkar da aka gama amfani da maganin feshi. Robar takan shanye maganin, wanki ba ya fitar da shi duka. Haka kuma waken da aka ajiye da magani mai ƙarfi, ko irin shuka da aka shafa wa jan magani ya rage daga damina, ba abinci ba ne.

Wanke hannu kuma, kwano ɗaya da mutum ashirin suka tsoma hannu a ciki, na ƙarshe datti ya ɗebo. A sa yaro ɗaya ya tsaya da buta da sabulu yana zuba wa kowa. In babu sabulu, toka ta fi babu. A gyara masai kafin baƙi su zo, a sa murfi, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofarsa.

Idan duk da haka zawo ya kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Wanda ake sayarwa a ƙunshi ya fi, kowane gida ya sayi biyu ko uku ya ajiye kafin biki. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Yara suna bukatar ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14, ma'aikacin lafiya zai faɗi awon. Amma idan zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, a kama hanyar asibiti ana ba shi ruwan a hanya. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi kaɗan. Kada a ce bari gari ya waye.

Yara a filin fareti

Yaranmu sukan bar gida ba su karya ba, su tsaya a layi cikin rana tun ƙarfe takwas suna jiran manyan baƙin da ba za su iso ba sai kusan tsakar rana. Shi ya sa kowace shekara ake ganin wasu suna faɗuwa. A ba yaro abinci kafin ya fita, a ba shi gorar ruwansa. Wanda ya faɗi a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a ɗaga ƙafafunsa kaɗan, a yi masa fifita. Kada a ɗura masa ruwa a baki sai ya farfaɗo sosai. Yaro mai sikila, ko wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ya yi kallo daga inuwa, ba abin kunya ba ne.

Kowane babba a ba shi yara da sunayensu, kada su wuce goma. Ya ƙirga su kafin a tashi, ya ƙirga kafin a dawo. Ƙananan a rubuta sunan ƙauye da lambar wayar wani babba a takarda a sa musu a aljihu.

Hanya da ruwa

Ba sai na yi dogon bayani a kan lodin yara a bayan a-kori-kura ko tifa suna tsaye suna waƙa ba, duk mun san ƙarshensa idan direba ya taka birki da ƙarfi. Gara a yi sawu biyu. Babur kuma ba motar iyali ba ce. A sa hular kwano, kuma wanda ya sha burkutu ko giyar leda kada ya hau, kada kuma a hau bayansa, ko da ɗan'uwa ne, ko da zai ji haushi. Dattawa su faɗa wa matasa wannan tun ranar Lahadi. Idan an ga tankar mai ta faɗi a hanya, a yi nesa da ita. A watan Oktoba 2024 a Majiya ta Jihar Jigawa mutane fiye da 150 suka ƙone, da yawansu sun je ɗiban man da ya zube ne.

Rafi a wannan lokaci mayaudari ne. Sama tana iya zama garau a wurinmu, alhali an yi ruwa a kan duwatsu, sai ambaliya ta sauko ba sallama. Rafin da aka haye da safe ruwa iya gwiwa, da yamma yana iya cinye mutum. Idan ruwa yana gudu da ƙarfi kuma ya yi ja, a jira, ko a kwana wurin 'yan'uwa. Ga ikkilisiyoyin da ke bakin Binuwai, Neja da Gongola kuwa, ku tuna da daren 1 ga Oktoba 2024, lokacin da wani jirgin ruwa ɗauke da mutane wajen 300, yawancinsu mata da yara 'yan bikin Mauludi, ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa ta Jihar Neja. Rayuka da yawa suka salwanta. Maƙwabtanmu ne, su ma murna ce ta fito da su. Lodi ya yi yawa, tafiyar kuma ta dare ce. Kada a shiga kwale-kwale bayan faɗuwar rana, kada a shiga wanda ya cika, a nemi rigar kariya in akwai.

Rabo

Nehemiya ya ce a aika wa marasa shi. Wannan kalma ta aikawa tana da muhimmanci gare mu masu aikin agaji. A watan Disamba 2024 yara 35 suka mutu a turmutsitsi wajen wani taron rabon kyauta a Ibadan. Kwanaki kaɗan bayan haka mutum 10 suka mutu a harabar wata majami'a a Maitama, Abuja, wasu kuma a Okija ta Jihar Anambra, duk a wajen rabon abinci. Masu rabon alheri suka nufa. Amma inda yunwa ta yi yawa, shelar rabo kaɗai tana iya tara mutanen da suka fi ƙarfin ƙofa. Idan ikkilisiyarku za ta taimaki gwauraye, marayu da 'yan gudun hijira a wannan biki, dattawa su rubuta sunaye a natse, matasa su kai wa kowa har gida, Kirista ko Musulmi. Hakan ya fi tsaro, ya kuma fi rufa wa mai karɓa asiri. Kada kuma a watsa alewa ko kuɗi cikin taron yara.

Bayan faɗuwar rana

A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, a gama taro da wuri kowa ya isa gida da sauran haske. A sanar da mai unguwa da 'yan banga duk wani taron da za a yi.

Ciyawa ta yi tsawo yanzu, girbi kuma ya fara, lokacin saran maciji ke nan, musamman kububuwa. Mai fita da dare ya riƙe tocila ya sa takalmi. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci da baƙin dutse. A cire zobe ko awarwaro, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kaltungo a Jihar Gombe da Zamko a Jihar Filato sun shahara da wannan aiki. Waɗanda ke nesa da su su tambayi ma'aikacin lafiyarsu tun yanzu inda ya fi kusa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya zama kamar lafiyarsa ƙalau da farko, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi. Kada rashin zafi ya sa a zauna gida.

Janareta kuma waje ake ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci, wani lokaci gida guda. Tsoron ɓarawo ko ruwan sama kada ya sa a shigar da shi zaure ko ɗaki. Haka ma gawayi mai ci a ɗakin da aka rufe.

Sai sauro. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, ƙarshen damina kuma shi ne ganiyarsa. Ran da baƙi suka cika gida gidan sauro ba ya isa, yara ne kuma akan shimfiɗa wa tabarma a ƙasa a bar wa manya gado. A juya wannan tsari. Masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne na farko. Jikokin da suka zo daga nesa, ku faɗa wa iyayensu su zo da nasu gidan sauron. Zazzaɓin ba ya nunawa a ranar cizo, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, lokacin an riga an koma an manta da ƙauye. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa cikin yini guda, in an samu a ba shi maganin ya shanye duka. Inda ake bi gida-gida ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata a damina, kada hidimar biki ta sa a tsallake zagayen, ko a manta da na kwana na biyu da na uku da ake bar wa uwa.

Tambayoyi don tattaunawa

A bikin bara, wane abu ne ya faru ko ya kusa faruwa a ƙauyenmu saboda kowa ya yi zaton wani yana lura?

Daga ina za mu ɗebo ruwan kunu da zoɓo bana, wace ce kuma za ta tabbatar an tafasa shi? A faɗi sunanta a rubuta.

Idan wani ya kamu da amai da gudawa ko maciji ya sare shi da tsakar dare, babur ɗin wa za a ɗauka, akwai mai a cikinsa, wane asibiti za a nufa?

Su wane ne a unguwarmu ba za su ɗora tukunya ba a ranar, wa zai kai musu?

Sakataren ikkilisiya ya rubuta sunayen waɗanda aka ba kowane aiki, a karanta su cikin sanarwa ranar Lahadin da ke gaban bikin. A rufe da addu'a domin shugabannin ƙasa bisa ga 1 Timoti 2:1-2, da kuma domin matafiya.